Rokata ta yi alkafura a sama, ina na kuskure?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a jihar Maryland ta Amurka. Bara wani abokin karatuna ya ja ni wata gona inda masu sha'awar harba ƙananan rokoki ke taruwa, tun daga ranar abin ya shiga raina. A can na ji labarin Steve Eves, wanda a watan Afrilun 2009 ya harba samfurin Saturn V, rokar da ta kai mutane duniyar wata, a wannan jihar. Tasa kashi ɗaya ce cikin goma na ta ainihi: tsayi kusan mita 11, nauyi kusan kilo 750, injina tara, ta kuma haura mita 1,300 a sama.

Ni da kwali na fara, kashi ɗaya cikin ɗari, tsayi santimita 110, kauri santimita 10. Wata uku ina fama, har baƙin fenti da farin nan sai da na zauna na fitar da su layi-layi. Fikafikan ma na yanka su daidai da ma'aunin na ainihi, ban ƙara ko ɗigo ba. Ranar Asabar na sa mata inji mai harafin F (da haruffa ake nuna ƙarfin injinan nan). Dattijon da ke duba rokoki kafin harbi ya tambaye ni ko na gwada daidaitonta, na ce ƙwarai kuwa. Tana barin sandar harbi, ko mita 20 ba ta yi ba ta karkata, ta yi alkafura biyu, ta soka hanci a ƙasa. Sai bayan ta faɗi laimar ta fito, fuf. Har yanzu dariyar yaran wurin na kunnena.

Burina in ninka girman, kashi ɗaya cikin hamsin, mita 2.2. Me ya kayar da wannan? Kuma wane inji zai ɗaga babbar?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da asara. Fikafikan nan da kake alfahari da su, su suka ci ka.

Saturn V ta ainihi ba da fiffike take miƙewa ba. Huɗu daga cikin injinanta biyar na ƙasa suna juyawa, kwamfuta na karkata su duk lokacin da ta fara kaucewa, shi ya sa aka bar mata 'yan fikafikai ƙanana a jikin mita 110. Taka ba ta da mai tuƙi, iska kaɗai ke riƙe ta.

Ka tuna kibiya: ƙarfe a gaba, kyauro a baya. A jikin roka akwai wurare biyu da za ka sani. Na farko tsakiyar nauyi, inda in ka ɗora ta a yatsa za ta tsaya ba ta rinjaya ba. Na biyu inda turin iska ke taruwa. Dole tsakiyar nauyi ta kasance gaba, ta wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla kaurin jikin rokar. A taka santimita 10 ke nan, a babbar 20. In suka haɗe ko suka juya, gindi ne zai nemi shiga gaba, ka ga alkafura.

Magani biyu ne, yawanci a haɗa su ake yi. A zuba dalma a cikin hanci a kama ta da gam mai ƙarfi, sannan a ƙara girman fikafikai. Masu jin kunyar ɓata kamanni suna yin ƙarin da roba mai gani-har-hanji, daga nesa ba a lura. Ka sauke manhajar zanen roka ta OpenRocket, kyauta ce, ka zana ta a ciki ta nuna maka wuraren biyu kafin ka taɓa almakashi.

Maganar inji kuma, ka sassauta. Harafin da ke jikinsa jimillar ƙarfinsa ne, kowane harafi ninki biyu na wanda ya gabace shi. Lambar da ke biye kuma matsakaicin turi ne da ma'aunin niyuton. Ana so turin ya ninka nauyin roka kamar sau biyar. In babbar ta kai kilo 6, kana neman wajen niyuton 300, ka shiga sahun I ko J. Daga H zuwa sama ba za a sayar maka ba sai da shaidar NAR ko Tripoli, ƙungiyoyin masu harba irin waɗannan rokoki: mataki na ɗaya H da I, na biyu J zuwa L har da rubutacciyar jarrabawa, na uku M zuwa O. Kuma duk rokar da ta wuce kilo 1.5 sai a filin da ke da izinin FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka. Shawarata, ka fara cin mataki na ɗaya da roka mara ado, mai manyan fikafikai uku. Kada ka kai aikin wata shida wurin jarrabawa.

Tambaya ɗaya: da ka gwada daidaiton, injin na ciki?

'Yar Damagaram:

Yaya Bakanike ya gama maganar tashi, ni ta saukowa ce ta dame ni, don kilo 6 da ya faɗo daga sama ba wasa ba ne. In ka buɗe babbar laima tun a ƙololuwa, iska za ta tafi da ita, ka wuni kana nema a gonar masarar mutane. Na taɓa yi, da dogon siket kuwa. Shi ya sa ake sa na'urar auna nisa daga ƙasa: a ƙololuwa ta kunna ɗan albarushi ƙaramar laima ta fito, sai an sauko kamar mita 200 sannan ta saki babbar. Ka gwada wannan a ƙasa tukuna, ka gani da idonka hancin ya fita. Fikafikai kuma kada ka manna su a bayan kwali kamar na ƙaramar, ka tsaga jikin su shige har bututun inji. Ka kuma guji bututun ruwa na PVC, in ya fashe tartsatsi yake yi kamar kwalba.

Ɗan Tasha:

To mu da ke gida fa? Ba mai sayar da injin nan a Sabon Gari. Na ga ana haɗawa da sukari a YouTube, wa zai koya mini?

Tsohon Bakanike:

Ba ni ba, ɗana. Masu haɗa nasu a nan Amurka sai sun kai mataki na biyu, a fili na musamman, nesa da jama'a. Kai kuwa a ɗaki za ka dafa, kuma a halin tsaron da ake ciki, a kama ka da bututu cike da wannan hodar, wa zai tsaya jin bayaninka? Ka samu robar lemo ta lita ɗaya da rabi, ruwa kashi ɗaya cikin uku, famfon keke, fikafikan kwali. Lissafin nauyi da iska duk ɗaya ne, za ka koye shi da yatsunka goma.

Ɗan Fagge:

Yaya, Allah ya saka da alheri, ke ma Anti na gode. Amsar tambayarka: a'a. A ɗaki na ɗora ta a yatsa, injin yana cikin jakata. Yanzu na sa tsohon bututun injin da ɗan yashi daidai nauyinsa na sake gwadawa, tsakiyar nauyin ta ja baya sosai. Na sauke manhajar. Gram nawa na dalma zan fara da shi, ko in bari sai na ga abin da ta nuna?