Neman shawara: motsa jiki da cin abinci mai kyau ga mai aikin ofis

Jama'a barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali suka samu mafita.

Aikina na zama ne, tun safe ina gaban kwamfuta, in ba taro ba rubuta rahoto. Kafin in iso gida duhu ya yi, jiki ya mutu, ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, da kwana 2 na atisayen ƙarfafa tsoka. A ƙa'idojinta na 2020 ma ta cire sharaɗin sai an yi minti 10 a jere kafin a ƙirga, wannan ya ɗan kwantar min da hankali. To amma hawa bene da ƙafa da ɗan zagayen da nake yi a hutun rana sun wadatar, ko sai numfashi ya ɗaga sosai?

Inda abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne abinci. Sau da yawa ba na karyawa, da rana yunwa ta sa in saya duk abin da ya fi kusa, mai maiƙo da gishiri, in kora da lemon kwalba. Ana so gishiri ya gaza giram 5 a rana, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuma su kai giram 400. Abincin da ba ni na dafa ba, ta yaya zan auna wannan?

Masu dafa na mako guda su sa a firji, kwana nawa yake yi bai lalace ba? Kuma da wanne ya kamata in fara, gyaran abinci ko motsa jiki? Haɗa su lokaci guda ya gagare ni, ga shi bayana ya fara ciwo.