Wanki uku, riga ta mutu

Mai tambaya: Jama'a, na sayi riga ta intanet da arha, wanki uku kacal ɗinkin hammata ya warware, launin ya koɗe. Ni ce ban iya wanki ba, ko haka kayan yanzu suke?

Tsohon tela: 'Yar'uwa, ba laifinki ba ne. Juya ta ki duba: ɗinki layi ɗaya, zare siriri. Yadin ma roba ne, daga man fetur. Ba don ta daɗe aka yi ta ba, so ake ki koma ki sayi wata.

Mai bibiya: Arhar nan a kan gumin wasu take. A 2013 ginin Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinka irin waɗannan kaya, ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka rasu, galibinsu masu ɗinki.

Mai tambaya: Innalillahi! To Baba, tana gyaruwa?

Tsohon tela: Ɗinkin dai, ƙwarai. Launin kuwa sai haƙuri.