Wani jan ƙwaro a bayan ƙudan zumana: kaskar zuma ce?

Mai Amya, Kachia:
Assalamu alaikum. Jama'a ku taimaka. Amyoyina irin na Kenya ne, masu sanduna. Da na ɗaga saƙar 'ya'ya a ɗaya daga ciki, sai na ga wani jan abu, bai kai ƙwayar riɗi ba, manne a bayan wasu ƙudaje. A bakin ƙofa kuma akwai masu rarrafe a ƙasa, fukafukansu a tamuƙe, ba sa iya tashi. Maƙwabcina ya ce in jiƙa tsumma da maganin kaskar shanu in cusa ciki. Hankalina bai kwanta ba, don zumar nan yarana ke sha, ita nake sayarwa.

Baban Ɗorawa:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ajiye tsumman nan tukuna. Maganin shanu yana shiga kaki ya zauna, kuma ba ka da ma'aunin da za ka san inda zai kashe kaska ya bar ƙuda.

Fara tantance abin da ka gani. Akwai ƙwarƙwatar zuma, mai ƙafa 6, tana son hawa kan sarauniya, abinci kawai take sata a bakin ƙuda. Ita kuwa baruwa, wato kaskar zuma, ƙafa 8 gare ta, a baje take, faɗinta ya fi tsawonta. Daga ƙudan zumar Asiya ta samo asali. Tamuƙaƙƙun fukafukan da ka faɗa sun fi nuna ita, don tana yaɗa cutar da ke nakasa fiffike tun ƙuda na cikin rami.

Ga yadda nake gwadawa, da yamma lis, da hayaƙi da kayan kariya. Ka ɗebi rabin kofi na ƙudaje daga saƙar 'ya'ya, kusan 300 ke nan, ka tabbata ba sarauniya a ciki. Zuba su a kwalba mai murfin raga, ka sa cokali 2 na sukari niƙaƙƙe lilis, ka jujjuya har su yi fari fat. Bar su minti 2 a inuwa, sannan ka kife kwalbar ka girgiza minti guda a kan farin faranti. Yayyafa ruwa, sukarin ya narke, jajayen za su fito fili. Ƙudajen ka mayar musu gida, 'yan'uwansu za su lashe su. In ka ƙirga ƙasa da 9, wato 3 cikin 100, ni ba na sa komai.

Uwar Kaki:
Baba ya gama magana, sai dai da damina sukari kan dunƙule, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. Malam, ka kuma fasa ramukan 'ya'yan maza, masu tudun murfi, da tsinke. Can baruwa ta fi hayayyafa, kuma a jikin farar tsutsa ba ta ɓuya. In sun yi yawa, yanke wannan saƙar ka ba kaji.

Baban Ɗorawa:
Haka ne, Hajiya. Kuma ƙudanmu ba irin na Turai ba ne. Baruwa ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, an yi fargaba, amma cikin 'yan shekaru ƙudan can suka iya da ita ba tare da magani ba. In lissafinka ya haura sosai, nemi maganin da aka yi domin ƙudan zuma, irin su Apiguard, bayan ka kwashe zuma, ka bi takardarsa sau da ƙafa, musamman batun zafin rana.

Mai Amya, Kachia:
Allah ya saka da alheri. Ragar sauro za ta yi murfin, Baba?

Baban Ɗorawa:
Idonta ya yi ƙanƙanta, kaskar ba za ta faɗo ba. Nemi ragar waya mai ido kamar milimita 3.