Sandar alawa ko tuffa: da me za a auna dawakin My Little Pony?

Auwal: Jama'a, ni a ganina an gama gardamar ainihin tsayin dawakin shirin katun na My Little Pony tun Disambar 2011. A wani kashi na zango na biyu, wanda ake bikin hunturu, jarumar shirin, Twilight Sparkle, ta faɗa da bakinta cewa ta hango sandar alawa mai ƙafa takwas, kuma an nuna 'yar dukushiya Scootaloo a jikin sandar, harshenta ya manne. Ƙafa takwas santimita 244 ne. Ka tsayar da hoton, ka ƙirga ɗigon allo daga gindin sanda zuwa samanta, ka ƙirga na 'yar dukushiyar. A ce sanda ta ba ka 600, ita kuma 180: ka raba 180 da 600 ka ninka da 244, ka sami santimita 73. Sai ka nemi wani hoton da ta tsaya kusa da babba, ka ɗora lissafin a kai. Ma'aunin daga bakin shirin ya fito, don haka masu auna tuffa su huta.

Malama Hadiza: Malam Auwal, hanyarka mai kyau ce, amma ba ta kai ta rufe magana ba. Wanda ya hango abu ya ce ƙafa takwas kintace ya yi, ba igiyar awo ya ɗora ba. Ko bakwai da rabi ce ko takwas da rabi, takwas ɗin zai ce, wato kuskuren kashi 6 cikin ɗari ta kowane gefe tun ba ka fara ba. Sannan sandar tana da lanƙwasa a sama. Takwas ɗin daga ƙasa zuwa ƙololuwa ne, ko tsawonta idan an miƙe ta? In kuma wani yanki na gindin ya shige cikin ƙanƙara ko ƙasa, ɗigon da ka ƙirga bai cika ba, dokin zai fito ya fi yadda yake girma.

Bashir: Ga wata kuma: ƙafar wa? Ƙafa mai santimita 30.48 sai a 1959 ƙasashe masu magana da Ingilishi suka daidaita a kanta. Tsohuwar ƙafar Faransa ta kai kusan 32.5. Ƙasar da mazaunanta masu kofato ne, me zai sa ƙafarsu ta zo daidai da tamu? Tuffa ta fi. Gonar su Applejack, ɗaya daga cikin dawakin shirin, cike take da ita, tana fitowa a ɗaruruwan hotuna, kuma tuffar kasuwa faɗinta tsakanin santimita 7 zuwa 8 ne. Ka auna sau ashirin ka ɗauki matsakaici.

Auwal: Bashir, marubutan shirin sun rubuta wa yaran Amurka ne, ƙafar Amurka suke nufi. A nan ban yarda da kai ba.

Malama Hadiza: A kan wannan ina bayan Malam Auwal. Tuffa kuwa matsalarta ƙanƙanta. Idan faɗinta a allo ɗigo 40 ne, layin da ya zagaye ta yana da kaurin 3 a kowane gefe, wanda ya auna daga waje zai sami 40, wanda ya auna daga ciki zai sami 34. Bambancin kashi 15 cikin ɗari ke nan, kuma duk yana hawa kan dokin. In an ce doki tuffa goma sha biyu ne a tsaye, tuffar santimita 7 ta ba da 84, ta 8 ta ba da 96. Matsakaicin awo ashirin yana maganin rawar hannu ne kawai. Idan masu zane da gangan suke ƙara wa tuffa girma don yaro ya gane ta daga nesa, duk ashirin ɗin gefe ɗaya za su karkata, matsakaicinsu ma ya karkata tare da su.

Injiniya Kabiru: Ku ƙara da yadda aka yi zanen. An haɗa shirin ne da manhajar Flash a wani ɗakin zane a Vancouver ta Kanada. Kowace tuffa, kowane kwando ajiyayyen zane ne da ake jawowa a faɗaɗa ko a matse shi don ya dace da fage, ba wanda ya ɗaure shi da santimita. Sai batun nisa. Abin da ya ninka nisansa daga mai kallo yana raguwa da rabi a ido. Don haka sharaɗin farko: kofaton dokin da gindin abin awon su zauna a kan layi ɗaya na ƙasa. Tuffar da ke kan bishiya a baya ba ta da amfani, sai wadda ke bakinsa ko kan kofatonsa. Ita ma sandar alawar, a duba inda gindinta ya sauka kafin a ƙirga ɗigo ko ɗaya.

Bashir: To a bar kayan zane, a koma ga faɗuwar abu. Nisan faɗuwa a mita shi ne 4.9 a ninka da daƙiƙa sau daƙiƙa. Ka nemi inda tuffa ta faɗo daga saitin kan doki, ka ƙirga hotunan.

Injiniya Kabiru: Gwada da lamba ka gani. A hoto 24 cikin daƙiƙa, hoto 12 rabin daƙiƙa ne, faɗuwar mita 1.23. Ka kuskure hoto ɗaya ka ƙirga 11, ka sami 1.03. Ka ƙirga 13, ka sami 1.44. Hoto ɗaya tak ya motsa amsar da kusan santimita 20. Mai zane kuma yana tsara faɗuwa ne don ta yi daɗin kallo, wani lokaci har ya riƙe abu a iska kafin ya sake shi. Lissafin ma ya ɗauka ƙarfin jan ƙasa can daidai yake da namu, a duniyar da gimbiya Celestia ce ke ɗaga rana da ƙahonta.

Alhaji Garba: Yarana, akwai abin da ba ku daidaita ba tun farko. Daga ina zuwa ina kuke aunawa? Masu dawaki ba sa auna kai, domin kai yana hawa yana sauka. Ana aunawa daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, inda wuya ya haɗu da baya, a kan daɓe, ƙafafu huɗu a tsaye daidai. A ƙa'idar wasannin dawaki ta duniya, wanda bai wuce santimita 148 ba shi ne ƙuru. Ƙurun Shetland na Birtaniya iyakarsa inci 42, wato santimita 107. Waɗannan na katun kansu ya yi girma ƙwarai, ga geza, ga kunne, wasu ga ƙaho. Mai cewa ƙafa huɗu zuwa kunne da mai cewa ƙafa biyu da rabi zuwa kafaɗa, mai yiwuwa doki ɗaya suke faɗa.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, Baba. Kuma wannan ya fi ɓarna ga masu son fitar da nauyi. Na dokin gaske, ana auna zagayen ƙirji inda majayi ke bi, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki, a raba da 11,880. Zagaye 140 da tsawo 110 sun ba da kilo 181. Amma nauyi yana tafiya da tsayi sau tsayi sau tsayi: kuskuren kashi 20 a tsayi ya zama kashi 73 a nauyi. Lissafin kuma an gina shi kan dabba mai ƙaramin kai da doguwar gangar jiki, akasin waɗannan.

Auwal: Na ji duka, Baba, zan koma auna kafaɗa. Amma har yanzu sandar ce aka faɗi tsayinta da lamba, kuma kashi 6 ya fi kashi 15 sauƙi. Ita ce ginshiƙi, tuffa ta zama mai duba ta.

Bashir: Fage ɗaya ba ya isa ginshiƙi, Auwal. Ni dai sharaɗina: duk mai kawo lamba ya faɗi dokin da ya auna, tunda Big McIntosh da Celestia sun fi saura, ya faɗi kashi da daƙiƙar hoton, kuma ya ba da ƙarami da babban adadi maimakon lamba ɗaya. Mu fara da Applejack, tuffa a bakinta, zuwa kafaɗa, sannan mu ga ko tazarar ta haɗu da ta sandarka.