Labarin soyayya da fargaba a gidan gonar shanu: ni kaɗai ce soyayyar ba ta gamsar ba?

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum. Na gama karanta wani littafin Turanci da na saya wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a nan Samaru. Labarin wata mata ce da ta gaji makeken gidan gonar kiwo a jihar Montana ta Amurka, sai aka shiga yanke mata wayar shinge cikin dare, shanu suna ɓacewa, kuma wanda ta fi zargi shi ne shugaban ma'aikatan gonar, wanda zuciyarta ta riga ta karkata gare shi. Fargabar ta kama ni ƙwarai, musamman da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ba maƙwabci a kusa. Amma yaya mace za ta amince da wanda take zargi da satar dukiyarta cikin mako biyu, ba tare da wani nata ya binciki asalinsa ba?

Malami daga Kongo:
Wa alaikumus salam, Malama. Marubutan irin wannan labari da gangan suke raba jaruma da danginta, domin da kawunta ko yayanta na nan, da an warware zargin tun kafin a kai tsakiyar littafin. Yanke shingen kuwa yana da tushe a tarihinsu. Tun da aka yi wa waya mai ƙaya rajista a 1874, masu hali suka riƙa killace makiyaya da mashaya, waɗanda aka rufe wa hanya kuma suka riƙa yanke ta da dare, har rikicin ya yi tsanani a Texas a 1883. Haka nan kowace gona tana da tambarin da ake yi wa saniya da ƙarfe mai zafi, hukuma tana da rajistarsa, shi ya sa ɓarawo yake ƙoƙarin sauya tambarin kafin ya kai kasuwa.

Hajiya ta Tudun Wada:
Ƙanwata, ni ban ga laifin jarumar sosai ba. A can shanu suna haihuwa ne a ƙarshen hunturu, kuma idan har ta ga mutumin ya kwana tsaye cikin wannan sanyi yana taimakon saniyar da haihuwa ta zo wa da gardama, to ta san halinsa fiye da wadda ta shekara tana sauraron zaƙin baki a zaure. Mako biyu dai na yarda ya yi kaɗan.

Ɗan Shika:
Hajiya, gaskiyarki, aiki ke nuna mutum. Na tashi kusa da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma tun ina yaro nake ganin yadda makiyayi ke sanin kowace bunajinsa, wato farar saniyar Fulani, da kamanninta ko babu tambari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne satar shanu a wurinmu ta wuce abin nishaɗi, mutanen Giwa da Birnin Gwari sun ɗanɗana ta da rayukansu. Ina fata marubutanmu su ɗan fito daga falon attajirai, su kai mu ruga, inda burtali da mashaya da garken gado za su iya haɗa masoya ko su raba su.

'Yar Samaru:
Na gode. Hajiya, akwai babin haihuwar saniya a littafin, na wuce shi da sauri don ɗokin sanin ɓarawon. Zan koma masa yau bayan isha'i, in Allah ya so.