Na canza CSS amma burauza ta ƙi nuna sabon, ina mafita?

Sabon_shiga: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka, tun jiya nake fama. Na gyara fayil ɗin CSS (mai tsara kala da kamannin shafin yanar gizo) na ɗora a saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin) amma Chrome tsohuwar kala yake nuna min, sai na danna Ctrl+Shift+R sannan sabuwar ta fito, to masu shiga shafin fa ya za su yi?

Mai_kod: Wslm. Malam burauza ce ta ajiye kwafin fayil ɗin. Duba Cache-Control ɗinka, wato umarnin da saba ke ba burauza kan ajiye fayil, in akwai max-age=31536000 (daƙiƙa ne) ai kai ka ce mata ta riƙe shi shekara guda cur, ba za ta ma tambayi saba ba. Canza sunan fayil duk sanda ka gyara, misali style.v2.css, dole ta ɗauko sabo.

Yar_kwamfuta: Gaskiya ne, amma HTML ɗin, wato fayil ɗin shafin da ke kiran CSS ɗin, sa masa no-cache don burauza ta ga sabon sunan. Sunan no-cache ɗin na ruɗar mutane wlh, ba hana ajiya yake ba, burauza tana ajiyewa amma sai ta tambayi saba da ETag (alamar da ke nuna wane kwafi ne a hannunta), in babu canji saba ta amsa da 304 (wato bai canza ba) shikenan. Wanda ke hana ajiya kwata-kwata shi ne no-store.

Sabon_shiga: Kai, shekara ɗayan ce kuwa na sa! Na gode, bari in canza sunan.