Abincin mai jego: abin da anka tattaro

To jama'a, ga abin da na tsinto daga maganganunku a tattaunawar da anka yi kan abin da ya kamata mai jego ta ci.

1. Kusan kowa ya yarda mai shayarwa ta ci ta ƙoshi, kada ta ce za ta rage ƙiba yanzu. Tuwon gero ko dawa, hura da nono, kunun gyaɗa.

2. Wake, ƙwai, kifi, hanta in da hali. Zogale da rama su ma anka ce suna taimakon jini, kuma ga su da arha a kasuwa.

3. Ruwa da yawa, balle da zafin Sakkwato.

4. Kunun kanwa nan ne anka rabu. Iyayenmu sunka ce shi ke kawo nono kuma da shi anka yi jegonsu, ma'aikatan lafiya kuwa sunka ce kanwar tana tara ruwa a jiki tana wahal da zuciya, sunka ba da shawarar kunu zalla. Ni dai ina bayan na asibiti gaskiya.

5. Maganar ba jariri ruwa ma an yi jayayya, amma mafi yawa sun tsaya kan nono kaɗai har wata 6.

6. Shayi da goro a rage.